Kalmar da Ba Ta Rubuta Ba

Tela tana durƙushe tana auna ƙasan rigar wata mata, allurai a bakinta, sai ta ji muryar kanta ta fito daga wayar matar.

"Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan an ci abinci."

Saura ƙiris ta haɗiye allura. Ta tofar da su a tafin hannu ta miƙe tsaye. Muryarta ce, babu ko tantama, har da 'yar shaƙewar murar da ta yi a makon da aka ɗauki maganar.

"Baiwar Allah, ɗan mayar min da wannan baya."

Matar ta mayar, ta miƙo mata wayar. Bidiyo ne. Wani saurayi cikin kwat, fuska sai sheƙi, yana nuna wa laftof kwalin magani, laftof ɗin kuma yana karanta masa abin da ke jiki da Hausa. A ƙasa an rubuta cewa ɗan Shugaban cibiyar tallafa wa nakasassu ne ya ƙirƙiro wannan manhaja domin makafi. Laftof ɗin ma ta gane shi. Ga tabon nan a kusurwa, inda dutsen gugarta ya taɓa lasa.

"Yaran yanzu akwai kai," in ji matar.

"Akwai dogon hannu dai," Tela ta ce.

Ta koma ta durƙusa ta ci gaba da awo, amma hankalinta na kan wayar, har sai da ta soki matar a idon sawu.

* * *

Mijinta gyaran rediyo yake yi kafin hawan jinin ido ya rufe masa gani, kuma sunan ya bi shi: har gobe Mai Rediyo ake ce masa. Mutum ne da ba ya iya zama hannu rabbana. Da idon ya tafi, sai ya koma sauraron darussan kwamfuta a waya, yana haddace abin da ba shi da inda zai gwada. Don haka ranar da cibiyar ta tara su ta raba laftof, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, ya dawo gida rungume da nasa kamar jariri.

Manhajar da ta zo a ciki nauyi gare ta, magana kuwa sai ta ga dama. Abokinsa Dogo, mai shagon buga takardu, shi ya sauko masa da wata manhajar mai suna Linux a filash. Mai Rediyo ya yi wa Tela bayani cewa wannan ta kowa da kowa ce, mutanen duniya suka haɗu suka gina ta, wanda ya so ya buɗe cikinta ya duba, ya gyara, ya ƙara.

"To a haka kuma ba a sace ta ba?"

"Me za a sata a abin da aka ce kowa ya ɗauka?"

Matsalar ita ce matakan farko bebaye ne. Kafin manhajar ta zauna, kwamfutar ba ta cewa uffan, dole sai mai ido. Tela ta ture keken ɗinki gefe ta zama idonsa. Turancinta bai taka kara ya karya ba, saboda haka harafi-harafi take karanta masa, shi kuma yana haɗawa a ka, yana cewa sauka ƙasa, danna nan, dakata. Suka yi kuskure suka sake, wuta ta ɗauke suka sake. Ranar da wata murya mai kama da ta ƙarfe ta fito daga injin ta fara karanta allon, Mai Rediyo ya kifa kai a kan tebur. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta fita tsakar gida ta yi nata kukan.

Daga nan aka shiga girke kayan aiki. Ya sa abin rubuta manhaja, ya sa yaren da zai yi rubutun da shi, ya sa wani mai suna git da ke riƙe tarihin kowane gyara. Duk ta wata baƙar taga ake yi, mutum ya rubuta umarni, rubutu ya yi ta zuba. Kayan kuwa ba sa zuwa su kaɗai. Ka kira ɗaya ya ce sai da wane, wane ya ce sai da ƙaninsa.

"Waɗannan danginka ne," in ji Tela. "A gayyaci mutum ɗaya, a ga mota cike."

"Nawa ai suna tafiya in sun ƙoshi. Naki fa?"

Da ya saba, sai ya riƙa kashe hasken allo don caji ya daɗe. Maƙwabta suka fara leƙe suna girgiza kai, wai bawan Allah ya zauna yana dannar matacciyar kwamfuta, abin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Abin da yake ginawa kuwa daga cikin gidan ya samo shi. Wata rana Tela ta tafi sayen yadi, 'yarsu Auta ta tashi da zazzaɓi, ya lalubo kwalba ya ba ta cokali guda. Ashe maganin shafawa ne. Allah ya kiyaye, amai kawai ta yi, amma shi abin bai taɓa barin ransa ba. Ya ce sai ya yi abin da makaho zai nuna wa kwalin magani ya faɗa masa sunansa da yadda ake sha, da harshen da yake ji.

Muryar ƙarfen nan ba ta iya Hausa ba, in ta kama kalma sai ta karya mata wuya. Shi ya sa aka koma ga Tela. Takan shige cikin kwabar tufafi ta ja ƙofa don kada hayaniyar titi ta shiga, tana zufa, tana faɗar lambobi da sunayen magunguna da "kada a ba yaro" da "a girgiza kafin a sha". In ta yi sauri ya ce ta sake. In zakaran maƙwabta ya sa baki ya ce ta sake. Damina ta shigo ta fita suna wannan aikin.

Dogo ya sha gaya masa ya ɗora aikin a intanet don gudun tsautsayi. Mai Rediyo ya ce kunya yake ji duniya ta ga abu da saura, bari ya gama goge shi tukuna. Abin da ya yi a maimakon haka shi ne ya sa rigarsa mai kyau, Tela ta kama masa hannu, suka je ya nuna wa Shugaba don ya yi godiya. Shugaba ya saurara, ya ce madalla.

A makon nan direban cibiyar ya yi sallama. Wai za a liƙa wa laftof lambar ƙididdiga a dawo da shi jibi, kuma a ba da kalmar sirri don masu bincike. Mai Rediyo ya miƙa masa laftof ɗin, ya faɗa masa kalmar da bakinsa, har yana maimaita masa don kada ya manta.

Jibin ba ta zo ba. Suka yi ta sintiri: Shugaba ya fita, Shugaba na taro, Shugaba ya yi tafiya. Maigadi ne ya gaji da ganinsu, ya ja Tela gefe.

"'Yar uwa, ku daina kashe takalmanku. Kwamfutocin nan sun girme ni a gidan nan. A raba, a ɗauki hoto, a bi gida-gida a tattaro, baɗi a raba wa wasu. Naku ma mantawa aka yi da shi, ku kuka tuna musu."

* * *

Da ta rufe shago ranar da ta ga bidiyon, ta tarar da shi zaune a bakin gado, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Tun da aka ɗauke injin haka yake yi ba tare da ya sani ba. Ta ba shi labari tsaf, ba ta rage komai ba.

"Ya yi aiki dai?" ya tambaya. "Bai tsaya ba?"

"Malam, abin da ya dame ka ke nan? An sace ka da rana tsaka kana tambayar ko kayan sun yi wa ɓarawo daidai?"

"Da sun tambaye ni ai zan ba su. Don a yi amfani da shi na yi."

"Ni ba su tambaye ni ba. Muryata ce. Ni na shiga kwaba na dahu."

Yatsunsa suka ci gaba da motsi a kan gwiwa. Ita kuwa wani abu ya tokare mata ƙirji, ya ƙi sauka ya ƙi fita. Ba ta taɓa sanin tana iya tsanar mutum haka ba. In ta taka keke, fuskar yaron nan take gani a ƙarƙashin allura. In ta ɗauki almakashi, kwat ɗinsa take yankawa. So take ta gan shi tsaye gaban jama'a, baki buɗe, babu abin cewa, ubansa na share gumi. Ta roƙi Allah ya nuna mata wannan ranar, kuma ba ta ji kunyar roƙon ba.

Sai ga direban ya sake dawowa, ko kunya babu. Manyan baƙi za su zo daga waje ganin manhajar, ana so Mai Rediyo ya zauna a sahun gaba cikin waɗanda za su amfana.

Tela ta buɗe baki, mijin ya matse mata hannu. "Ka ce wa Shugaba muna zuwa."

Bayan motar ta tafi ya juyo. "Ni ba rigima nake so ba, aikina nake so. Su riƙe injin, su riƙe sunan. Ni za a sa min ido, ke kuwa ba mai kula ki. In kin samu laftof ɗin shi kaɗai, ki kwafo min jakar aikin a filash. Shi ke nan."

Ya aro wani mataccen kibod a shagon Dogo ya ɗora mata a cinya. Kullum bayan la'asar sai ya sa ta maimaita: kalmar sirri, buɗe baƙar taga, umarnin kwafa, sunan jakar, inda za ta zuba. Yana ɗora yatsunsa a kan nata yana jin inda suka sauka.

"In ya nuna miki ya gama, kada ki yarda da shi. Yakan riƙe kayan a hannu, ya ce ya ajiye alhali bai kai ba. Sai kin rubuta kalma ta ƙarshe, sync, kin jira ya dawo miki da layi, sannan ki zare."

"Har kwamfuta ma ta iya ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce, alkawari ne."

Akwai wani umarnin, na gogewa, da bai sa a darasin ba, amma ta san shi tun lokacin da suke share tarkacen da suka girke bisa kuskure. Haruffa biyu ne da 'yar wutsiya. Shi da kansa ya ce mata wannan ba ya tambaya, ba ya ajiyewa a kwandon shara, abin da ya taɓa ya tafi ke nan. In ya tashi alwala, sai ta maimaita wannan ita kaɗai.

* * *

Ranar taron, tun daga ƙofa aka raba su. Wata ma'aikaciya ta kama hannun Mai Rediyo, ta zura masa farar riga mai hoton Shugaba a ƙirji, ta jera shi da sauran makafi a gindin tuta don hoto. Ana gyara musu tsayuwa ana juya musu kai, ana cewa su yi murmushi. Tela ta tambayi banɗaki aka nuna mata lungu.

A ɗaki na biyu ta ga laftof ɗin, kan tebur kusa da tulin kwalayen lemo, an jona shi a caji. Ba kowa. Ta shiga ta tura ƙofa da diddige.

Kalmar sirrin ba su canza ba, tsoron taɓa komai suke yi. Muryar da ke karanta allo kuwa tuni suka kashe ta, masu ido ba sa buƙatarta. Ta soka filash, ta buɗe baƙar taga, ta rubuta umarnin kwafa. Injin ya yi jim, sannan ya dawo mata da layi.

Sai ta ji muryar saurayin a baranda, yana waya yana dariya, yana tahowa.

"Wallahi ban yi barcin kirki ba tun da na fara shi. Muryar? Wata mata ce muka ɗauko, ka san irinsu, ka ba su lemo su yi maka komai."

Takunsa na matsowa. Lokacin da ya rage na umarni ɗaya ne, ba na biyu ba. Yatsanta na kan harafin farko na kalmar da mijinta ya koya mata. Ta dubi allon: ga layi ya dawo, babu ƙorafi, babu jan rubutu. Ai ya gama, ta ce a ranta, Malam ne dai da son ƙa'ida. Ta ɗauke yatsan ta mayar wani wurin. Ta rubuta haruffa biyun da wutsiyarsu, ta rubuta sunan jakar, ta danna da ƙarfin da sai da teburin ya motsa.

Injin bai tambaye ta komai ba. Ta rufe tagar, ta fizge filash ta cusa a lalitarta. Da ƙofa ta buɗe, kwalin lemo ne a hannunta.

"Ke, kai su zaure," in ji saurayin, ko kallonta bai yi ba.

"To, ranka ya daɗe."

* * *

Ta samu kujera a bayan mijinta. Shugaba ya yi dogon jawabi kan tausayi, har muryarsa na rawa. Sannan ɗan ya hau, aka haɗa laftof da majigi, ya ɗaga kwalin magani sama yadda kowa zai gani, ya danna.

Shiru.

Ya sake dannawa. Ya yi murmushi ya sake. Ya zare wayar majigin ya mayar, ya kashe ya kunna. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin kwat, ya juya yana neman ubansa da ido. Baƙin suka fara duban agogo. Wani a baya ya yi tari mai kama da dariya.

Daɗi ya ratsa Tela tun daga tafin ƙafa. Ta zauna daram ta kafa masa ido, ba ta ko son ƙiftawa don kada wani abu ya wuce ta. Abin da ya tokare mata ƙirji ya narke, ta ja numfashi har ƙasan ciki. Da za a bar ta, da ta zauna a nan har magariba tana kallon yaron nan yana laluben madannai.

Amma Shugaba tsohon hannu ne. Ya karɓi makirufo yana dariya, ya ce kowa ya san halin intanet ɗinmu, shi ya sa ma ake neman ƙarin tallafi. Ya sa aka haska bidiyon nan a majigi. Muryar Tela ta cika zauren, baƙi suka yi tafi, wata a cikinsu har da share hawaye. Aka kira makafi su kewaye saurayin, aka ɗora hannun Mai Rediyo a kafaɗarsa, aka ɗauki hoto. Aka raba lemo.

A hanyar gida Mai Rediyo sai dariya yake yi. "Intanet, wai. Abin da ko intanet ba ya buƙata. Na rantse wani abu ya sabunta ya karya shi, ko kyamara ce bai zaɓa ba. Kin samo?"

"Na samo."

"Kin yi ta ƙarshen?"

Wata babbar mota ta wuce da ƙara. Ta ja shi gefen titi, ta bar tambayar a nan.

* * *

Washegari da hantsi suka je shagon Dogo. Ya ɗage musu tulin takardu daga kan kujera, ya ba su kwamfutar da ke kusurwa, ya koma kan injin hoto. Mai Rediyo ya soka filash da hannunsa, ya gyara zama, yana murza tafukan hannu.

"Karanta min."

Jakar na nan. Ta buɗe. Sunayen duk suna nan a jere, yadda ya raɗa musu. Ta ji sanyi a ranta, ta fara karantowa, yana gyaɗa kai kamar ana kiran sunayen 'ya'yansa.

"Gefen kowane akwai lamba, nauyinsa ke nan. Na farkon nawa?"

Ta duba. "Sifiri."

"Na biyu?"

"Sifiri."

Hannuwansa suka tsaya. "Shiga jakar murya."

Ta shiga. Ga su nan ɗaruruwa, kowace kalma da ta faɗa a cikin kwaba da sunanta. Ta bi su da yatsa tana saukowa, sifiri har ƙasa. Ya sa ta buɗe ɗaya, farin shafi ya fito. Ya sa ta buɗe wani. Dogo ya kashe injinsa ya zo ya tsaya a kansu, ya duba, ya cire filash ya mayar, ya gwada a wata kwamfutar, sannan ya koma wurin aikinsa.

"Ba ki samu yin ta ƙarshen ba," in ji Mai Rediyo a hankali.

"Yaron ne ya taho."

Ya lalubo hannunta ya riƙe. Ta so ya yi faɗa, ya ɗaga murya, ya ce ta cuce shi. Bai yi ba.

"Kada ki sa a ranki. Kin yi ƙoƙari, ni ne na ɗora miki abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kuma ba a yi asarar komai ba. Na asalin yana nan a injinsu, da tarihinsa da muryarki da komai, ba su san yadda za su taɓa shi ba. Tunda ya ƙi musu aiki, dole su neme ni. Wannan karon da hannuna zan kwafo."

Ta buɗe baki. Za ta ce masa ita ta goge na asalin, sai ta dubi fuskarsa ta fasa.

Ya zare filash ɗin ya sa a aljihun gaba, ya miƙe, har da ɗan murmushinsa. "Rigar nan tasu, ki wanke min ita ki goge. Kada su kira a same ta da datti."

Da suka koma gida ya ɗauko kujera ya zauna kusa da ƙofa, inda zai ji tsayuwar mota, ya ɗora wayarsa a cinya ya ƙure mata ƙara. Tela ta jiƙa rigar a bokiti, ta cuɗa, ta ɗauraye, ta shanya a igiyar tsakar gida. Fuskar Shugaba ta rataya a kife tana murmushi, ruwa na ɗiga daga goshinta.

"Kamar mota nake ji," in ji shi daga ƙofa. "Duba min."

Ta goge hannu a zani, ta je ta leƙa.